Gayyar kwamfuta: kundin aikin lissafin faɗuwar damina da R

Talata, 2 ga Satumba, 2025

Na buɗe wannan kundi ne saboda abin da ya same ni a watan jiya: na gyara wani abu a cikin kod ɗina na R, yaren kwamfuta da ake lissafin ƙididdiga da shi, ya yi aiki, bayan mako biyu na kasa tuna abin da na taɓa.

Aikin shi ne gano ranar da damina ke faɗuwa kowace shekara daga 1981 zuwa 2024, a yankin da ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa gaban Maiduguri, daga Kaduna zuwa Damagaram, sannan a duba ko ranar tana matsawa gaba ko baya. Bayanan ruwan saman na CHIRPS ne, waɗanda wata cibiya ta Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara take fitarwa, ta hanyar haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da abin da ma'aunan ruwa na ƙasa suka nuna. Sun yanka ƙasa gurbi-gurbi kamar gidajen dara, kowane gurbi digiri 0.05, kusan kilomita biyar da rabi ke nan kowane gefe. Yankina layi 80 ne daga kudu zuwa arewa, kowane layi gurbi 200. Jimla gurbi 16,000.

Ruwan farko ba shi ne damina ba, duk wanda shukarsa ta taɓa ƙonewa ya san haka. Na ɗauki ƙa'idar da Sivakumar na cibiyar ICRISAT ta kusa da Yamai ya fitar a 1988: bayan 1 ga Mayu, a sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a yi farin da ya wuce kwana bakwai cikin kwana talatin da suka biyo baya.

Karkatar ranar zan auna ta da hanyar Theil da Sen: a ɗauki shekaru bibbiyu, a raba bambancin ranarsu da tazarar shekarun, a zaɓi na tsakiya. Shekara 44 na ba da tagwaye 946. Don a san iya gaskiyar da za a ba wannan karkata, sai a yi bootstrap, dabarar Bradley Efron ta 1979, wato a sake ɗibar shekarun ta ƙuri'a sau 1,000, ana maimaita lissafin.

Na gwada gurbi ɗari. Kowanne ya ci kusan daƙiƙa biyu. Gurbi 16,000 zai ci daƙiƙa 32,000, kusan awa tara. Kuma ba sau ɗaya zan yi ba, domin Malam ya riga ya ce zai so ya ga abin da zai fito idan an canza milimita 20 ɗin ko kwana bakwai ɗin. Na duba allon da ke nuna aikin firosesa, injin lissafin kwamfuta mai ƙwaƙwalwa da yawa: ƙwaƙwalwa ɗaya tana gumi, sauran suna hamma. Haka R yake, in ba ka ce masa ba, aiki ɗaya yake yi a lokaci ɗaya. Gayya za a kira.

Alhamis, 4 ga Satumba

Abokin karatuna da ke amfani da Linux ya ce abin ba wuya, in canza `lapply`, umarnin da ke bin gurabe ɗaya bayan ɗaya, zuwa `mclapply` kawai. Na canza. R ya ce Windows ba ya ɗaukar fiye da ma'aikaci ɗaya ta wannan hanya. Dalilin shi ne `mclapply` tsaga R ɗin da ke gudana yake yi gida-gida, kowane ɓangare ya tashi da duk abin da ke cikin na asali, kuma ba a kwafi komai sai lokacin da wani ya zo canza shi. Linux da Mac suna da wannan, Windows ba shi da shi.

Abin da ya rage mini shi ne a tayar da sababbin R daban-daban a bayan fage, su riƙa magana da nawa. Ƙunshin parallel, wato tarin umarni da aka haɗa wuri ɗaya, wanda ke zuwa tare da R tun fitowar 2.14.0 a 2011, yana yin haka da `makeCluster`. Sai dai waɗannan 'yan gayya hannu rabbana suke zuwa. Ba su san umarnin da na rubuta ba, ba su san bayanan da na loda ba, ba su buɗe ko ƙunshi ɗaya ba. Sau huɗu ina tura aiki, sau huɗu ana dawo mini da cewa ba a ga abu kaza ba. In tura shi da `clusterExport`, a ce kuma ba a ga wani ba.

Da yamma na koma ƙunshin future na Henrik Bengtsson, wanda yake leƙa cikin kod ɗinka da kansa ya tattaro duk abin da ma'aikata za su buƙata. Layi ɗaya na zaɓar tsari, layi ɗaya na `future_lapply`. Na ji daɗi ƙwarai.

Asabar, 6 ga Satumba

Daɗin bai kai ko'ina ba. future ya ƙi tura aikin, ya ce kayan da zai aika sun wuce iyakar megabayit 500 da aka sa masa. Maimakon in tambayi kaina me ya sa kayan suka kai haka, sai na nemi inda ake ɗaga iyakar, na ɗaga ta. Na sa ma'aikata bakwai.

Minti kaɗan kwamfutar ta sandare. Linzami ba ya motsi. Sai da na danne maɓallin kashewa.

Daga baya na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Shekara 44 kwana 16,071 ne. Sau gurbi 16,000, lamba miliyan 257 da ɗoriya. Kowace lamba bayit 8. Gigabayit 2 ke nan. Umarnina yana ambaton wannan babban tebur da sunansa, don haka future ya ɗauka kowane ma'aikaci na buƙatar nasa kwafin. Bakwai da nawa takwas, gigabayit 16, daidai da duk RAM ɗin da kwamfutar take da shi. Iyakar nan ba don a takura mini aka sa ta ba.

Talata, 9 ga Satumba

Na raba aikin mataki biyu, kuma da haka ya kamata ya kasance tun ranar farko. Mataki na ɗaya: daga ruwan kullum a fitar da ranar faɗuwar damina. Mataki na biyu: bootstrap. Na biyun bai da ruwa da ruwan kullum, abin da yake buƙata lamba 44 ce kacal ga kowane gurbi. Duka-duka lamba 704,000, ƙasa da megabayit 6. Gigabayit biyu nake ta ɗora wa mutane alhali abin da za su yi aiki da shi bai kai hoton waya biyu ba.

Mataki na ɗaya ya zo da nasa. Da ƙunshin terra nake karanta taswirorin, kuma da na tura taswirar ga ma'aikata sai suka ce manunin ba shi da inganci. Na ɗauki lokaci kafin na gane. Abin da terra ke ba ka a cikin R ba taswirar ba ce, kwatance ne zuwa wani wuri a RAM inda kod ɗin C++ ya ajiye ta. Kwatancen yana da amfani a cikin R ɗin da ya yi shi kaɗai. Ka ba wani R daban, kamar ka ba mutumin Gaya mabuɗin ɗakinka na Zariya ne ka ce ya buɗe nasa. Haka ma hanyar da aka buɗe zuwa rumbun bayanai, ba ta tafiya. terra yana da `wrap` da ke naɗe taswirar ta yadda za ta aiku, amma wannan komawa ce ga jigilar kaya masu nauyi. Abin da na yi: ina tura sunan fayil da lambar layi, kowane ma'aikaci ya buɗe fayil ɗin da kansa ya karanta layinsa.

Alhamis, 11 ga Satumba

An yi awa biyu ana aiki, sannan komai ya tsaya da kuskure ɗaya, kuma `future_lapply` bai dawo mini da ko gurbi ɗaya ba cikin dubban da aka riga aka gama. Laifin nawa ne. A layukan can arewa akwai shekarun da ƙa'idar Sivakumar ba ta cika ba sam, musamman a shekarun farin 1983 da 1984, ni kuwa kod ɗina ya ɗauka kowace shekara tana da rana. Na kewaye lissafin kowane gurbi da `tryCatch`, wanda ya faɗi ya faɗi shi kaɗai, a rubuta lambarsa da dalili.

Da nake wannan binciken na ci karo da wani kuskuren da bai yi ƙara ba. A bootstrap shekara ɗaya takan fito sau biyu ko uku. Idan aka haɗa shekara da kanta, bambancin rana sifiri, bambancin shekara sifiri, sifiri a raba da sifiri ba lamba ba ce, kuma `median` na ganin irin wannan sai ya ba da babu. Gwajina na ranar farko lokaci kawai na duba, ban duba abin da ya fito ba. Kunya ta ishe ni.

Litinin, 15 ga Satumba

Na kai wa Malam sakamakon gwaji na layi biyar. Ya sa na sake gudanar da shi a gabansa, sai iyakokin sama da ƙasa da bootstrap ya ba karkatar suka ɗan bambanta da na takardar da ke hannunsa.

"Wanne ne naka a ciki?" ya tambaya.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, duka biyun. Ƙuri'a ce, dole ta ɗan motsa."

"Ƙuri'ar da ba za ka iya maimaita mini ba, ba za ta shiga kundinka ba. Je ka gyara."

Gaskiyarsa. Na sa `set.seed`, mai shuka irin da ƙuri'a ke tsirowa daga gare shi, a saman fayil kamar kullum, amma wannan irin a R ɗina kaɗai aka shuka shi. Kowane ma'aikaci da nasa irin yake tashi, wanda ya tsinta daga agogo da lambar aikinsa. Ashe future ma ya yi ta gargaɗina a kan haka da manyan baƙaƙe, ni ne ban karanta ba.

Maganin da aka saba shi ne injin lambobin ƙuri'a na Pierre L'Ecuyer na Jami'ar Montreal, wanda ke cikin R da sunan L'Ecuyer-CMRG. Daga iri ɗaya yana fitar da magudanai masu yawa, tsakanin kowace da mai bi mata taku 2 sau kanta 127, nisan da ba za su taɓa cin karo ba. Amma akwai bambanci a yadda ake raba magudanan. `clusterSetRNGStream` kowane ma'aikaci yake ba ɗaya, saboda haka in yau ka yi da ma'aikata huɗu gobe da shida, sakamako zai canza. `future.seed = TRUE` kuwa kowane gurbi yake ba tasa, ko da mutum nawa ka yi aikin abu ɗaya za ka samu.

Talata, 16 ga Satumba

Na kwana da maganar, na tashi da wata daban. Ni ban ma son kowane gurbi ya yi ƙuri'arsa. Ruwan Kano da na Wudil ba baƙin juna ba ne, shekarar da ta yi wa ɗaya kyau yawanci ta yi wa ɗayan. Idan daga baya zan haɗa gurabe in yi maganar jiha guda ko yanki guda, dole a kowane zagaye na bootstrap shekarun da aka ɗiba su zama iri ɗaya a ko'ina. In ba haka ba gurabe maƙwabta za su yi kamar shaidu ne masu zaman kansu, iyakokin su fito a matse, in yi ta murnar tabbacin da ba ni da shi.

To ashe babu dalilin da zai sa ma'aikata su taɓa ƙuri'a. Na yi ta sau ɗaya a R ɗina: tebur mai layi 1,000, kowane layi shekaru 44 da aka ɗiba. Lamba 44,000, bai kai kilobayit 200 ba. Na ajiye shi a fayil, kowa da shi zai yi aiki. Na gudanar da layi biyar ɗin sau uku, da ma'aikaci ɗaya, da uku, da bakwai, `identical` ya ce duk ɗaya ne.

Asabar, 20 ga Satumba

Yau ranar awo ce. `detectCores` ya ce ƙwaƙwalwa takwas gare ni. Ba haka ba ne. Huɗu ne na gaske, kowace tana karɓar layin aiki biyu, shi ya sa ake ƙirga takwas. Ga lissafi zalla irin nawa, na biyun ba ya ƙara abin a zo a gani.

Da layi takwas na gwada, na ninka sau goma don in ƙiyasta duka. Ma'aikata huɗu: wajen awa biyu da minti arba'in. Ma'aikata bakwai: wajen awa biyu da minti ashirin, amma fanka tana kuka kamar injin niƙa, ƙasan kwamfutar ba ya taɓuwa, kuma ko burauza ba ta buɗuwa da daɗi. Minti ashirin bai kai wannan azabar ba. Huɗu zan tsaya, in ina son yin wani aikin a gefe, uku.

Gene Amdahl ya faɗi wannan tun 1967. Idan kashi 10 cikin ɗari na aikinka ba ya rabuwa, irin su karanta fayil da harhaɗa sakamako, ma'aikata huɗu ninki uku da ɗan kai za su ba ka, takwas ba za su kai ninki biyar ba, ko dubu ka tara ba za ka wuce ninki goma ba.

Wani abu da na lura: `future_lapply` kason aikin yake yi daidai da yawan ma'aikata tun farko, kowa ya ɗauki nasa. Wanda ya sami layukan arewa, inda shekaru da yawa babu rana, yakan gama da wuri ya zauna, na kudu yana ta fama. Ƙarshen kowane gudu ƙwaƙwalwa ɗaya ko biyu ne ke aiki. Gara a yanka ƙanana, duk wanda ya gama ya zo ya karɓi wani.

Na kuma sa kowane ma'aikaci ya gaya wa data.table, ƙunshin da nake sarrafa tebur da shi, zare ɗaya, wato layin aiki ɗaya, zai yi amfani da shi. In an bar shi, rabin ƙwaƙwalen kwamfuta yake ɗauka da kansa. Ma'aikata huɗu kowanne ya kira nasa huɗu, sha shida ke nan suna turereniya a kan kujera huɗu, taron tsintsiya ba shara.

Laraba, 24 ga Satumba

An ɗauke wuta tun azahar, batir ya mutu saura kaɗan a gama cikakken gudu na farko. Komai ya tafi, domin sakamakon a RAM yake.

Daga yau kowane layi cikin 80 ɗin aiki ne mai zaman kansa, kuma da an gama shi a fayil ɗinsa zai kwana. Da sunan wucin gadi ake fara rubuta shi, sai ya kammala a canza masa suna, don kada wutar ta tafi ana tsakiyar rubutu in ɗauki rabin fayil a matsayin cikakke. In na sake tayar da aikin, layin da fayil ɗinsa ke nan a tsallake shi.

Laraba, 1 ga Oktoba

Hutu ne, na sami sukunin zama a kan abin da ya daɗe yana damuna. Raba aiki daban, rashin tsayawa jiransa daban. Duk wannan gayyar da nake yi, da na danna `future_lapply` R ɗina ya kulle ke nan sai an gama. Awa biyu da wani abu ba zan iya zana ko taswira ɗaya ba. Abin da nake so aike ne: in ba yaro saƙo ya tafi, ni in ci gaba da harkata, in na ga dama in leƙa in ga ko ya dawo.

Umarnin `future` shi kaɗai yana yin haka. Nan take yake miƙo maka wani abu kamar rasit ɗin tela, ka tambaye shi da `resolved` ko ɗinki ya yi, ka karɓa da `value`. Matsalar ita ce in ma'aikata huɗu duk suna kan aiki ka zo da na biyar, sai ya tsayar da kai har wani ya sauka. Ni kuwa tamanin gare ni.

Sai na gwada mirai na Charlie Gao. Sunan da Japananci yana nufin lokaci mai zuwa, kuma an gina shi a kan NNG, wata hanyar aika saƙo tsakanin manhajoji. Yana da mai rabon aiki a tsakiya wanda ke riƙe layi. Na tayar da ma'aikata uku da `daemons`, na loda musu teburin ƙuri'a da umarnina sau ɗaya da `everywhere`, na zuba aiki tamanin da `mirai_map`, kafin in ɗauke hannu daga allon rubutu R ya dawo mini. Duk ma'aikacin da ya gama, mai rabo ya miƙa masa na gaba, don haka matsalar na arewa ya zauna na kudu yana fama ta kau da kanta.

mirai ba ya tattaro maka komai. Abin da ba ka ambata da sunansa ba, ba zai tafi ba. Da a ranar 4 ga Satumba na haɗu da shi da na ce wahala ce. Bayan abin da gigabayit biyu suka yi mini, na fi son haka. Kuskure ma ba ya rusa sauran aiki, a matsayin sakamakon wannan layin yake dawowa. Na kashe ma'aikaci ɗaya da gangan don in gani: layinsa ya dawo da lambar kuskure 19, alamar an yanke hulɗa, sauran biyun ba su ko waiwaya ba.

Ba na cewa ya fi future a komai. Kod ɗin da aka rubuta da future, layi ɗaya za ka canza ya koma gudu a jere ko a wata na'urar, kuma wannan ya taimake ni sosai wajen farautar kuskure. Ga wanda ya saba da parallel kuma, tun fitowar R 4.5.0 a Afrilun bana ana iya cewa `makeCluster` ya yi amfani da mirai a ƙarƙashi.

Litinin, 6 ga Oktoba

Wannan ban so rubuta shi ba.

Tunda yanzu R ɗina a sake yake yayin da ake aiki a baya, sai na ce bari in sa `Rprof`, mai auna lokacin da kowane umarni ke ci, a kan gurbi ɗaya in ga inda daƙiƙa biyun nan ke tafiya. Kusan duka a `combn`, umarnin da ke jero tagwaye, suke ƙarewa. A cikin kowane zagaye na bootstrap nake sa shi ya sake jero tagwayen nan 946, alhali jerin ba ya canzawa. Sau miliyan 16 ina tambayar abu ɗaya ana ba ni amsa ɗaya. Na fitar da shi waje, a jero sau ɗaya, a cikin zagayen kuma a yi ragi da rabawa a kan dukan jerin lokaci guda.

Gurbi ɗaya ya koma wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Duka yankin, da ƙwaƙwalwa ɗaya tal, ƙasa da awa ɗaya. Wata guda na yi ina neman ninki uku, layi biyu suka ba ni ninki goma. Abokina na Linux ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ban rushe gayyar ba. Da ma'aikata huɗu cikakken gudu yanzu bai kai minti ashirin ba, kuma Malam ya aiko da jerin da yake so: milimita 15, 20 da 25, kowanne da farin kwana 7 da na kwana 10. Gudu shida ke nan, aiki 480. Na sa sunan ƙa'idar a cikin sunan kowane fayil don kada su cakuɗe, na zuba su duka a layi bayan la'asar. Yanzu da nake wannan rubutu fayil 212 sun sauka, batir na kan kashi 64, wuta kuma tana nan. Mataki na ɗaya ne ya koma mai jan ƙafa, domin ma'aikata huɗu suna karatu daga faifai ɗaya, shi zan sa wa `Rprof` gobe da safe.